Leɓen Fiffike

Sau uku ya tashi a filin bayan Ƙofar Guga,
sau uku ya dawo ƙasa da hanci.
Tashi bai taɓa yi masa wuya ba.
Sauka ce ya kasa koya.

Malam Sahalu mai gyaran rediyo ya juya shi a hannu,
ya tura tabarau goshi, ya ce, "Gudu ya yi mashi yawa.
Yanka mashi leɓe a bayan fiffike,
abin da zai sunkuya ya tare iska.
Jirgi ma sai da ladabi yake sauka."

Daren nan ba wuta a unguwarmu.
Barira ta riƙe min fitilar waya,
na auna yatsu biyu daga gefen baya,
na ja layi da biron makarantarta,
na ɓare sabuwar reza.
Soson kwalin firji ne, fari, marar ƙashi,
yana kuka in reza ta karkace.
Na goge bakin da samfefa har ya yi gangare
don leɓen ya sami wurin rusunawa.

Saura gaɓa.
Salatif ya riƙe wuni ɗaya, rana ta saki shi.
Robar galan ta yi tauri, ɗan injin ya yi ta gurnani.
Ƙyallen atamfa ya sha gam, ya bushe kamar ganda.

Inna ta shiga ɗaka ba ta ce uffan ba,
ta ɗaga katifa, ta fito da ambulan mai ruwan ƙasa:
hoton ƙirjin Baba na asibiti,
wanda likita ya ɗaga wa taga bara waccan
ya daɗe yana kallo.
"Wannan yana lanƙwasuwa, ba ya karyewa," in ji ta.
"Ajiyarsa ba ta dawo da kowa ba."

Na kasa sa almakashi.
Barira ce ta karɓa. Ta kauce wa farin tabon,
ta yanko shida daga wajen haƙarƙari,
kowanne faɗin ɗan yatsa.
Uku dama, uku hagu.
Na tsaga soson, na zura su, na ɗiga gam,
na soka tsinken sakace ta tsakiya
don kada su zare.

Wayar tayar keke ta zama sandar turawa,
na lanƙwasa bakinta da filaya,
na kafa mata ƙaho da guntun tsohon katin banki,
na kwantar da siririn gora a tsawon leɓen
don kada ya murɗe in iska ta matsa.
Na taɓa rimot.
Na dama ya sauka, na hagu ya yi gardama.
Na kwance, na rage rabin juyi, na sake ɗaurewa.
Har ladan ya yi kiran farko muna lallashinsu,
sai ga su sun sunkuya tare
kamar sahu ɗaya a ruku'u.

Asabar da sassafe, kafin iska ta farka,
yara masu ƙwallo suka janye duwatsun ragarsu.
Ya tashi, ya zaga saman bedi,
shirwa ta biyo shi, ta ga ba nama, ta koma.
Batir ya fara ƙorafi.
Malam Sahalu ya ce, "To, yanzu."
Na ja maɓalli.

Daga ƙasa na ga leɓɓan sun sauko.
Hanci ya ɗan ɗago, na danne shi kaɗan,
gudu ya ragu, ya ragu,
kamar numfashin da ya sami sauƙi gab da asuba.
Tayoyi suka taɓa ƙasa, tsalle ɗaya,
suka gangara har gaban silifas ɗin Barira.
Ta durƙusa tana ƙirga gaɓoɓin da farce.
Shida cif.

Mun tarar da Inna tana tankaɗe.
Ba ta ɗago ba. "Ya riƙe?"
Na ce, "Ya riƙe."
Ta ci gaba da kaɗa rariya.
Sauran hoton na jingine a taga,
rana na shigowa ta giɓi shida.